Kujerar Baya

"Yaya, shiga baya ka zamna," in ji Basharu. "Miƙe ƙafa sosai."

Motoci biyu dillali ya kawo ƙofar gidan Basharu a Gwandu, Datsun da Fijo. Takanas Basharun ya aika Kalgo aka zo da ni. Ƙanena ne. Noman shinkafar da na yi a fadama don ya yi boko, shi ya lanƙwasa mini baya. Yanzu ya zama babban ma'aikaci. Na ce a raina, ashe yaron nan bai manta ba.

Na fara da Datsun. Gwiwata ta tokare kujerar gaba, hulata na gugar rufi. Na koma Fijo. Kujerar ta karɓe ni kamar katifa, kwankwasona ya yi shiru.

"Wacce ta fi, Yaya?"

"Wagga. Mai ciwon baya sai ya kai Sakkwato cikinta bai yi nishi ba."

"Ka tabbata? Sake jingina."

Na jingina, na rufe ido don kar dillali ya ga ƙwalla.

Basharu ya juya wajen dillali. "Fijon za a kai wa surukina, Alhaji Tambari. Tsawonsu ɗaya da Yaya, ciwonsu ɗaya. Ban so in wahalar da dattijo da gwaji."

Ya dubi agogonsa. "Yaya, fito hakanan, motar katakon Kalgo ta kusa tashi."

A kan buhun gero na zauna har gida.