Mai Amya da Labarin Daji

Kai da kake cewa tsaro aikin masu kaki ne, zauna ka ji misalin wani mai amya. A wani gari na bakin daji aka yi shi, mutum ne da ya tsufa yana hawan bishiya yana rataya amya don ƙudan zuma, har ya san kowace ɗorawa da kowane marke kamar yadda ya san 'ya'yansa. Garin kuwa suna da wata al'ada tun kaka da kakanni: duk wanda ya dawo daga daji, maharbi ne ko mai itace ko makiyayi, ba ya shiga gida sai ya tsaya a bakin gari ya faɗi abin da idonsa ya gani, ko da sawun baƙon jaki ne. Da ɓarayin daji suka matsa wa ƙasar, gwamnati ta kafa rundunar 'yan sa-kai, ta ba su horo da kaki da babura, aka yi musu rumfa a daidai wurin da ake tsayawar. Mai amya ya je a ɗauke shi, yana ganin in ana maganar daji ai shi ne na gaba. Sai dai ya taɓa faɗowa daga bishiya, ƙafa ɗaya ta saura da ɗingishi. Wanda ya miƙe a gaban jama'a ya ce ƙafar ba za ta iya gudu ba kuwa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka ɗora a kan rundunar. Gaskiya ya faɗa, kuma tausayi ne ya sa shi faɗa, amma mai amya bai ji tausayin ba, dariyar da samari suka yi ita ya ji. Tun daga ranar ya ɗauki gaba da ɗan'uwansa. Ƙanen ya aiko da goro, ya mayar. Ya zo gaisuwar Juma'a, aka ce masa Yaya na barci, alhali yana jin tarinsa daga zaure.

Ana nan, wata hantsi mai amya ya shiga daji duba amyoyinsa, ya tarar an sauko da su an farfasa, an ƙone ƙudan da wuta irin ta wanda bai san zuma ba sai a baki. A gindin wata ɗorawa ga toka da sauran ɗuminta, ga ƙasusuwan akuya, ga sawun babura masu yawa sun nufi kwazazzabon da hanyar kasuwa ke ratsawa. Ba yaro ba ne shi, ya san abin da ya gani. Ya juyo da sauri iya yadda ƙafar ta yarda, maganar na cike da bakinsa. Amma da ya hango rumfar, ya ga samarin nan da suka yi masa dariya zaune cikin kaki suna shan shayi, sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ce a ransa, tunda su ne masu ƙafa, su je su gano da ƙafarsu. Gurgu me ya sani? Ƙanen ya taso da fara'a, don ya daɗe bai ga yayansa ya biyo ta nan ba, ya ɗan rusuna ya ce, "Yaya, sannu da dawowa. Me ka gano mana a daji?" Mai amya ya kau da kai ya ce, "Ba komai." Ya wuce gida. Bai yi nufin a cuci kowa ba. Ya dai so su ɗan sha wuya, su gane amfaninsa, su zo har zaure su roƙe shi. Ya ce gobe zai faɗa, goben ta zo ya ce sai jibi.

Ranar kasuwa 'yan sa-kai suka raka fatake kamar yadda suka saba, sai dai a wannan karon ƙanen ya bar yawancin mutanensa a gari, ya tafi da kaɗan. A kwazazzabon aka tare su. Ƙanen ya tsaya ya tare hanya har mata da 'yan kasuwa suka samu suka tsere, shi kuwa sai gawarsa aka kawo da la'asar, an lulluɓe ta da zanen wata mai sayar da daddawa. A wurin zaman makoki ne ɗaya daga cikin samarin, yana kuka, ya ba mai amya labari, ba don zargi ba, don bai san komai ba. Ya ce sun so a fita da kowa da kowa, marigayin ya ce babu buƙata, yayansa ya dawo daga daji ya ce ba komai, kuma duk ƙasar nan babu idon da ya yarda da shi kamar na yayansa. Mai amya ya rayu shekaru bayan haka, shi ya riƙe marayun da ƙanen ya bari, kuma bai sake dawowa daga daji ya wuce rumfar nan ba tare da ya tsaya ba. Har sawun kurciya sai ya faɗa, samarin na saurarensa da ladabi. Amma wanda yake so ya ji ba ya nan.

To ka ga, ɓarayin nan ba ƙarfin bindiga ne ya ba su hanya ba, hanyar tun a bakin gari aka buɗe musu ita, tsakanin wa da ƙane. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.