Likkafanin Malam Tanimu

Tun da aka kawo allurar hana mutuwa, wadda ake yi shekara-shekara, ba a sake jana'iza a unguwar ba. Ranar allurar bana, Malam Tanimu ya zauna yana shafa likkafanin da ya jiƙo da zamzam tun hajjinsa na fari.

"Tabawa, bana ba ni zuwa," ya ce wa matarsa. "Kullum muna roƙon Aljanna, amma mun ƙi kama hanya."

Ta karɓi ƙyallen, ta auna shi kamu-kamu.

"Malam, wannan ai ba zai ishe mu mu biyu ba. Je ka yi allurarka, sai ka samo nawa tukuna."

Ya zura takalmi yana murmushi. Ya sani sarai, mai sayar da likkafani na ƙarshe tuni ya koma ɗinkin labule.