Tsohon Kan Kwalekwale

Akanbi bai gama ɓalla maɓallan sabon kakinsa na gadi ba, shugabarsa Madam Ronke ta jero masa dokoki: ba talla, ba bara, ba kwanciya a benci, ba kamun kifi. Allon ƙofa ya ce lambun bakin ruwan nan na duk mutanen Legas ne, amma kamfani ke da abinsa, kuma yau manyan baƙi na tafe.

"Suka ga ɗan zaman banza ko ɗaya, ka tuɓe kakin nan ka kama gabanka," in ji Madam.

Akanbi kuwa ya sha zaman gida har matarsa ta fara ajiye masa abinci ba magana. Sai ya shiga aiki ba ji ba gani. Ya kori mai gasa ayaba, ya kori masu tallan ruwa, har wani bawan Allah da ya tsaya ɗaure takalmi sai da ya ji usur.

Saura tsoho ɗaya, can ƙarshen dakali, zaune kan kwalekwale mai sheƙin fenti yana ɗinkin taru, malafarsa fes.

"Baba, sannu da aiki. An hana kamun kifi a nan."

"Na fi ka sani, ɗana. Nan aka binne cibiyata, kafin a rushe unguwarmu a malala siminti."

Wallahi Akanbi ya ji tausayi, amma tausayi ba ya ɗora tukunya. Ya roƙa, ya lallasa, har ya kwanta rub da ciki yadda ake gaida manya a Legas.

Tsohon ya saci kallon agogonsa. "Kai ka ce in tafi?"

"Ni ne, Baba."

"To ɗaga murya, masu sharan can su shaida."

Akanbi ya ɗaga. Tsohon ya naɗe tarunsa busasshe ƙayau, ya fice yana fito kamar ɗan makaranta ranar hutu.

Can sai ga Madam da baƙi, kowa ya saita kyamara. Akanbi ya ƙame ya sara mata.

"Tas, Madam! Ko ƙuda babu."

Ta dubi kwalekwalen, ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Ina Baba Sewanu? Albashi kamfani ke biyansa ya zauna nan kamar masunci, kuma hotonsa mutanen nan suka zo ɗauka!"