Tambaya Ta Tara

Gida na talatin da biyu ke nan da Uwaisu ya yi wa sallama a ranar, a wani ƙauye gabas da Zakirai. Shekarar fari ce, damina biyu gero bai yi kai ba. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke shi aikin cike takardun tambayoyi, don a san gidajen da za a bai wa hatsi.

Tun a ofis ya gaya wa shugabansu cewa tambaya ta tara ba ta kwanta masa ba, ga shi da ita za a tantance mabukata. Aka ce masana ne suka tsara ta, ya karanta yadda take, kada ya ƙara, kada ya rage.

Maigidan, Malam Sabo, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Bai wuce arba'in ba, amma rigarsa ta yi masa yawa. Cikin gidan tsit. Matarsa ta miƙo gumba a faifai ta bayan ƙyaure, Uwaisu ya gutsura don kada a ce ya raina. A ransa ya ce ashe akwai masu sauran gero.

Ya yi tambayar gona, ya yi ta dabbobi, har ya iso ta tara.

"Malam, a kwana bakwai da suka wuce, yara nawa suka kwana da yunwa a gidan nan?"

Sabo ya kalli ƙasa.

"Babu ko ɗaya."

Uwaisu ya rubuta sifili, ya yi godiya, ya wuce gida na gaba.

Bayan mako uku motar hatsi ta zo, Uwaisu ne mai kiran suna. Sabo yana tsaye a rana da buhunsa a hammata har aka sauke na ƙarshe. Ba a kira sunansa ba, ya juya.

Mai unguwa Ɗanliti ya ja Uwaisu gefe, ya tambaye shi yadda aka tsallake gidan da ya fi kowanne shan wuya. Uwaisu ya ce an riga an rufe sunaye a Kano, ba shi da ikon ƙara ko ɗaya. Ya zaro takardar, ya karanta masa tambayar da amsar da Sabo ya bayar da bakinsa.

Dattijon ya gyaɗa kai.

"Ai bai yi maka ƙarya ba, ɗana. 'Ya'yansa uku ne, duk yunwa ta ɗauke su. Ranar da ka je ake sadakar bakwai ta na ƙarshensu."