Auren Mutanen Skarvholm

Borghild na tsaka da shanya kifi baƙuwa ta iso da jakar takardu. Gunvor sunanta. Bishop ne ya aiko ta ta rubuta tarihin cocin tsibirinmu Skarvholm, tsibirin da in ka yi atishawa a gabas, na yamma ke ce maka sannu.

Tarihi kuwa a bakin Borghild yake. Gida goma sha tara, tumaki sun fi masu su hankali, fasto ɗaya tak ake tunawa, marigayi Torvald. Shekara arba'in da ɗaya yana ɗaura aure yana binne gawa. In ya ce amin, ni shaida ne, kifi a teku sai ya nutsu. Rana ɗaya suka sauka a tsibirin, shi da Eilif mai kwale-kwale, wani mai in'ina da ya zo ko igiya bai iya ƙullawa ba. Eilif ɗin ke rubuta wa fasto rajistar aure, wai fasto na ciwon yatsa.

"'Yar nan, rubuta da kyau," in ji Borghild. "Shi ya ɗaura mini aure da Anfinn, Allah ya ji ƙansa."

Gunvor ta daɗe tana kallon hoton faston da ke bangon coci.

"Iya, wannan ba fasto ba ne. Hotonsa na nan a kasuwar kifin garinmu. Mai shelar gwanjo ne."

Ran Lahadi aka cika coci, har waɗanda rabonsu da shi tun ranar aurensu. Gunvor ta ce dole ta faɗa wa bishop, kuma auren da ba fasto ya ɗaura ba, babu shi. Borghild ta dubi 'ya'yanta huɗu, dukansu da furfura. Anfinn na kabari, balle a sake ɗaurawa. Shegu ke nan har su mutu.

Eilif na bakin ƙofa, inda yake tsayawa kowane biki yana motsa leɓe. Mun ɗauka zagin amare yake, tunda babu wadda ta so shi. Ya ɗaga hannu.

"Ba-ba-babu auren da..."

"Zauna, Eilif," in ji Borghild. "Kafin ka kai ƙarshen maganar an haifi wani shegen."

Bai zauna ba. Ya tako har gaba, ya buɗe gwangwanin tabarsa, ya zaro wata tsohuwar takardar naɗin fasto mai hatimi. Gunvor ta karanta. Ta buɗe rajista ta gwada sa hannun da na takardar, shafi bayan shafi. Sannan ta miƙe tsaye ta gyara riga.

"Barka da rana, Fasto Torvald."

Tsohon ya rufe gwangwaninsa.

"Mu-mu-murya kawai na ara."