Saiwar da Ta Fasa Leda

"Baba, kar ka yage ledar, haka za ka binne su," in ji shugaban kwamitin muhalli na kwalejin.

Mai lambu ya tsaya da reza a hannu. Shekara talatin yana dashe, bai taɓa binne shuka da ledarta ba.

"Ranka ya daɗe, ai saiwar za ta shaƙe."

"Kwana uku ne kawai, hayarsu muka ɗauko. Masu tallafi sun ce sai sun ga kore da idonsu za su saki kuɗi. Da sun tafi, ka tone a mayar wa mai su."

Baƙi suka zo, suka tafa, suka ɗauki hoto da ɗalibai, suka ce za su waiwayo. Kwana uku ya zama wata biyu. Ba wanda ya sa tsohon, amma kullum da safe sai ya bi su da ruwa. Shukar da ke bakin ɗakin karatu har ta yi sabon ganye.

Ranar da aka ji tallafin ya tafi wata makaranta, motar mai shuke-shuken ta iso. Da aka fara tonowa, duk shuke-shuken suka fito salin-alin, kamar ba su taɓa kwana a ƙasar ba. Ta bakin ɗakin karatu ta ƙi. Tsohon ya durƙusa ya share gindinta, sai ya ga saiwar ta fasa leda ta kama ƙasa.

"Baba, yi sauri mana," in ji direba.

Ya laluba aljihu, ya fito da rezar.