Tukunyar Iri da Ciyawa Mai Cin Ƙwari

Kai Tanimu, zauna mana. Tun ɗazu kake zarya kamar wanda ya ɗora girki a gida biyu, kana ce mini za ka jingine sana'ar ubanka, in wuya ta yi ka dawo ka ɗauka. To, saurari kawunka, ni da na ƙarar da ƙuruciyata wajen koyar da ilimin tsirrai.

An yi wani manomi a bakin fadama. Gonarsa a can cikin kwari take, inda ruwa kan kai wuyan mutum da damina. Shinkafa iri ɗaya ce ke yi a wurin, wadda ya gada kaka da kakanni: ruwa na hawa tana miƙa wuya, ba ta yarda ta nutse. Al'adar gidansu, duk kaka a zaɓi zangarniyar da ta fi cika, a sussuke, a gauraya da toka, a zuba a tukunya a liƙe bakin da laka, baɗi a fasa a shuka. Shi kuwa mutumin nan ba shi da zama. Wata biyar na jiran shinkafa, ji yake kamar an ɗaure shi. Ran nan yana kewaya gefen fadamar, inda ruwa ya wanke ƙasa ta koma rairayi zalla, sai ya ga wata 'yar ciyawa ja-ja, ganyenta duk gashi, kowane gashi da ɗigon danƙo a kai yana ƙyalli kamar raɓa. Yana tsugune ƙwaro ya sauka ya maƙale, ganyen ya lanƙwaso a hankali ya rufe shi. Mutumin ya riƙe baki. Ga abu a ƙasar da ba taki, abinci na kawo kansa har gida. Washegari ya saƙa tarkon kifi ya kafa a mashigar ruwa.

Kifi kuwa ya shiga, tarwaɗa da karfasa, kullum kwando cike. Shekarar ya noma rabin gona, ta biyu rubu'i, ta uku ko leƙawa bai yi ba. Matarsa ta ce, "Maigida, ko mudu ɗaya ne ka yafa, kada irin nan ya daɗe a kwance." Ya ce iri na nan a liƙe, ina za shi?

Akwai abin da bai gani ba a jikin ciyawar, don ido ba ya kaiwa. Cikin kowane ganye akwai wasu 'yan ƙwayoyi kore masu dafa wa tsiro abinci da hasken rana, kuma suna ɗauke da nasu rubutun gado, layi-layi, wanda ke bin iri daga uwa zuwa 'ya'ya. Masu binciken da suka karanta rubutun ciyayi masu cin ƙwari sun tarar da giɓi. A wasunsu babu wasu layuka da sauran tsirrai ke riƙe da su, waɗanda ake ganin su ke tallafar ganye ranar wahala, in rana ta ƙwalle ko ruwa ya janye. Ba wanda ya sa hannu ya goge. Abin da aka daina dogaro da shi, in ya ɗan lalace ba mai kula, 'ya'ya su gaje shi a lalace, jikoki su gaji abin da ya fi haka, har a wayi gari babu shi. Kuma in ya tafi ya tafi ke nan.

A shekara ta takwas kifi ya yi wuyar gani. Kowa ya kwaikwayi mutumin, tarko ya fi kifin yawa, har 'yan ƙanana an kwashe. Rumbu wayam, ga yara shida. Sai ya fasa tukunya. Ƙwaya na nan tas, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ta ba, toka ta yi aikinta. Murna ta hana shi ko jiƙa 'yar kaɗan a tsumma ya gwada, ruwan shuka na sauka ya yafa duka. Daga nan sintiri ya tashi. Da sassafe yana gona, hantsi ya koma, la'asar ya sake komawa, yana durƙuso yana tona laka da yatsa. Kwana bakwai, kwana goma, kwana goma sha biyar. Gonakin tudu sun yi kore shar, tasa baƙar laka. Ƙwayar da ya tono, yana murzawa ta narke a hannunsa. Ashe irin ya daɗe da mutuwa a cikin tukunya, shi yana can yana ƙirga shi cikin dukiyarsa.

Hankalinsa ya tashi, don damina ba ta jira. Ya bazama ƙauye-ƙauye yana neman irin. Duk inda ya je sai a nuna masa sabon iri, gajere mai saurin nuna, wanda ruwan kwarinsa zai shanye cikin mako guda. A ƙauye na biyar aka kwatanta masa wata tsohuwa, aka ce in akwai mai shi, ita ce. Ya isa ƙafa duk taɓo, ya gaishe ta, ya faɗi buƙatarsa. Ta tambaye shi ɗan wane gida ne, ya faɗa. Sai ta ce, "Ɗan nan, ai mu ma in namu ya ƙare, gidanku muke zuwa karɓa."

Hausawa dai sun riga sun faɗa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.